Lissafi Kafin Dalma: Shirin Lasifika Marar Igiya

A makon jiya wani ɗalibi ya kawo mini ɗan akwatin katako wanda ya sassaƙa da hannunsa, ya goge shi sumul, ya ce lasifika zai yi, irin wadda a ke ɗauka a hannu ta karɓi sauti daga wayar hannu ba da igiya ba. Na tambaye shi abin da zai zuba a ciki. Ya ce amfilifaya mai wat 50 da batir guda. Na ce masa ya ajiye dalma tukuna, ya ɗauko alli. Da ya ke na san ba shi kaɗai ke da wannan niyya ba, na ga ya kyautu in rubuta muku abin da muka tattauna.

Abu huɗu ke cikin irin wannan akwati: batir, da ɗan allon da ke karɓar Bluetooth, da amfilifaya mai ƙara wa sauti ƙarfi, sa'an nan lasifikar kanta mai maganaɗisu. Bluetooth dabara ce da aka soma a kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin a 1994, aka sa mata laƙabin wani Sarkin Danmak na ƙarni na goma. Allonta ba shi da tsada, kuma ya kan ji waya daga nisan mita 10. Ba a nan wuyar ta ke ba.

Wuyar tana wurin batir, gama shi ne ubangidan sauran. Wanda aka fi samu shi ne na lithiyam mai lamba 18650, watau kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Ƙarfinsa bolt 3.7 ne, in ya cika fal ya kai 4.2. To, ga ƙa'idar da za ku riƙe game da waɗannan ƙananan amfilifayoyi: a ninka bolt da kansa, a raba da ninki biyu na om ɗin lasifika, abin da ya fito shi ne iyakar wat. In lasifika mai om 4 ce, batir guda a bolt 3.7 ba zai ba da wat 2 cikakku ba. In an sa ɗan allo mai ɗaga bolt zuwa 5, sai a ce 25 a raba da 8, a sami wat 3 da ɗan kai. Wat 50 kuwa sai da bolt 20, watau batura shida a jere, kuma akwatin abokinmu ba zai ci su ba. Abin da a ke rubutawa a jikin kwali ba ya karya wannan lissafi.

Kada wat 3 ya ba ku haushi. Kunne ba ya jin sauti ya ninka sai an ninka wat kamar sau goma, wat 3 kuwa ya ishi ɗakin kwana har maƙwabci ya yi ƙorafi. Saboda haka na ce ya nemi PAM8403, mai aiki da bolt 5, mai baki biyu, kowane wat 3. Irin wadda a ke kira aji D ce, wadda ba ta ɓarnar wuta ta zama zafi sai kaɗan. Amma a kula, kada a ba ta abin da ya wuce bolt 5.5, kada kuma a gama baƙaƙen wayoyin lasifikan nan biyu wuri guda, ko a kai su ga baƙar wayar batir. Wanda ya yi haka ya ƙone ta.

Batir mai miliyamfiya 2500 yana riƙe da wajen wat 9 na sa'a guda. In akwatin duka yana cin wat 1, an sami kusan sa'a takwas ke nan, bayan an fid da abin da ke salwanta wajen ɗaga bolt.

Yanzu ga maganar da ba ta wasa ba. Batirin lithiyam, in an cika shi ya wuce 4.2, ko wayoyinsa biyu suka taɓa juna, yana iya kama wuta, akwatin kuwa katako ne, a kusa da shimfiɗa ya kan kwana. Lalle ne a sa allon caji TP4056, kuma a zaɓi irin wanda ke da mai tsaro a jikinsa, mai yanke wuta in batir ya yi ƙasa ƙwarai. Batirin da ya lotsa, ko rigarsa ta yage, a rabu da shi ko da kyauta aka bayar.

Saura abu guda da zai ba ku mamaki ran da kuka fara kunnawa: wani ɗan tsuwa kamar na gyare a bayan waƙa. Allon Bluetooth ne ke fizgar wuta, ƙarar ta bi baƙar waya ta shiga amfilifaya. Maganinsa, kowane allo a ja masa tasa baƙar waya gajeriya zuwa wuri guda, a kuma sa kafasita babba a bakin amfilifaya. In ya ƙi, a raba wutarsu da B0505S.

Abokinmu ya koma da akwatinsa zai toshe kafofin iska da gam, gama akwati mai yoyo ba ya fid da amo mai kauri. Ya ce zai kawo shi ran Asabar mu auna da mita kafin a ɗaura batir.