KUSURWAR ƘARA SANI: MENE NE ENKOSTIK?

Kalmarmu ta wannan mako daga darasin zane-zane ta fito, wato enkostik.

Ma'anarta

Enkostik shi ne yin zane da narkakken kakin zuma da aka gauraya da launi. Asalin kalmar daga harshen Girka ne, inda take nufin ƙona abu har ya shige ciki. Ana kiran aikin da wannan suna, haka ma hoton da aka gama. Misali, za ka iya cewa, "Malam ya koya mana enkostik," ko ka ce, "Wannan hoton enkostik ne."

Yadda ake yi

Ana ɗora kaki a wuta, yakan narke in zafi ya kai wajen digiri 63. Sai a zuba garin launi a motsa, a shafa a kan allon katako da buroshi tun bai daskare ba. Daga nan a kara masa zafi domin shafin sama ya manne da na ƙasa. Wannan mataki na ƙarshe shi ya ba aikin sunansa.

Tarihinsa

Shahararrun hotunan enkostik su ne na yankin Fayum a ƙasar Masar, waɗanda aka zana tsakanin ƙarni na 1 da na 3. A 1888 wani Baturen Ingila, Flinders Petrie, ya tono da yawa daga cikinsu a Hawara. Sun kusa shekara 2,000, amma launinsu na nan raɗau, saboda ruwa ba ya ratsa kaki.

Kada a rikita shi da batik

A nan ne ɗalibai ke asarar maki a jarrabawa. Ku duba gefen atamfar da ake sayarwa a kasuwannin Bagudo da Tsamiya da Lolo, sau da yawa za ku ga an rubuta Wax, ma'ana kaki. Wannan fasaha daga batik ta samo asali, na mutanen tsibirin Jaba a Indunusiya. A batik ana shafa kaki a yadi don ya hana rini kama wasu wurare, in an gama a cire shi. A enkostik kuwa kakin ne ke riƙe da launin, kuma yana nan daram a jikin hoton. Ke nan atamfa ba enkostik ba ce.

Shawara

Wasu masu amya kan zubar da saƙar zuma bayan sun tace, alhali a cikinta kakin yake. Mu roƙe su su ajiye mana don aikin aji. Amma kada kowa ya narka kaki sai gaban malami, domin yana ƙona fata kuma yana iya kama wuta.

Tambayar mako: a wanne ake cire kaki, batik ko enkostik? A jefa amsa a akwatin kulob kafin ranar Juma'a.