Yadda A Ke Sa Wa Babban Babur Giyar Baya

Kowa ya bi hanyoyin ƙauyukan Gaya da Ajingi da kaka ya san wahalar rairayi. Babur mai ƙafa uku ya ɗauko buhunan gero ko gyaɗa, ya shiga lungun da ba wurin juyawa. In ba shi da giyar baya, wadda direbobi ke kira ribas, sai a taru a yi ta turi, wani lokaci har kaya su danne ƙafar mutum. Saboda haka ya kamata mu fahimci yadda wannan giya ke aiki.

Ƙaramin babur ba ya bukatarta, don mahayi na iya ja da shi baya da ƙafafunsa. Nauyi ne ya kawo bukatar. A 1941 Jamusawa suka ƙera wa sojojinsu BMW R75 mai akwati a gefe, suka sa masa ribas. A 1988 kamfanin Honda na Japan ya sa wa Gold Wing, wanda nauyinsa ya haura kilo 350, watau kamar buhun gero uku da rabi.

Dabarun iri biyu ne. Ta farko ita ce ta faifai mai haƙora. In faifai biyu suka cije juna, ɗaya ya juya dama, lalle ɗayan ya juya hagu. In aka sa na uku tsakaninsu, sai na ƙarshe ya sake alƙibla, ƙafar babur ta juya baya, alhali injin bai sake juyinsa ba. Ta biyu ita ce ta Honda: ƙaramin injin batir da ke ta da babur shi ne ke jansa baya sannu sannu.

Yawancin babura masu ɗaukar kaya ta farko su ke bi. A kan ɗaura ƙaramin akwatin giya tsakanin injin da sandar da ke juya ƙafafun baya. Nan akwai abu biyu na lura. Kada a sa ribas sai babur ya tsaya cik, in ba haka ba haƙora su kakkarye. Kuma tun da akwatin yana bayan sauran giyoyi, kowace giya na iya tafiya baya, don haka a tsaya a ta ɗaya. Gaggawa aikin Shaiɗan ce.

Mu da za mu koyar da yara, gwajin wannan ba wuya. A sami marafan kwalba uku, a kafa biyu a jikin katako da ƙusa, haƙoransu na cizon juna, a juya. Sa'an nan a matsar da ɗaya, a sa na uku tsakani, a bar yara su faɗi abin da ya sake. Gani ya kori ji.