Yadda Ake Zaɓar Amfilifaya da Kula da Hedifon Mai Tsada a Cikin Birni

Daga Yakasai zuwa titin Gidan Zoo a Kano, inda ofisoshin 'yan fim da situdiyoyin waƙa suka yi dandazo, tafiyar 'yan mintuna ce a Adaidaita Sahu. A can matasa da dama na cikin birni suke koyon haɗa sauti, su dawo gida da kwamfuta a jaka su ci gaba da aiki a shago ko a soro. To amma a unguwar da gida ke jingine da gida, maƙwabci na jin tarin maƙwabci, ba dama mutum ya ƙure sifika da tsakar dare. Shi ya sa hedifon, wanda wasu ke kira belun kunne, ya zama jarin mai haɗa kiɗa, da mai naɗar ƙasidun sha'irai, da mai gyara sautin karatun malamai.

Abin da kan faru shi ne matashi ya yi wata da watanni yana adashi, ya sayi hedifon mai suna, ya soka a waya, sai ya ji murya can nesa kamar daga ƙasan rijiya. Nan take zai ce an sayar masa da jabu. Sau da yawa kayan na gaske ne, abincinsa ne ba a ba shi ba. Abincin nan kuwa amfilifaya ce ke ba da shi, kuma zaɓarta yana da matakai.

Matakin farko, a karanta kwalin hedifon

Kafin a taka kasuwa, a duba lambobi biyu a jikin kwali. Ta farko ita ce taurin kan hedifon ga wutar da ke shigarsa, wanda ake aunawa da om. Audio-Technica ATH-M50x om 38 ne. Sony MDR-7506, wanda ke hannun ma'aikatan rediyo tun 1991, om 63 ne. Sennheiser HD 600, da kamfanin Jamus ya fitar a 1997 kuma har yau ake ƙerawa, om 300 ne. Shi kuwa Beyerdynamic DT 770 Pro iri uku ake samunsa, mai om 32, da mai 80, da mai 250, kuma kamanninsu kusan ɗaya ne. Wanda bai duba ba sai ya ɗauko wanda wayarsa ba za ta iya da shi ba.

Mai aikin famfo zai gane zancen da wuri. Hedifon mai om da yawa siririn bututu ne, sai an ɗora tanki a sama sosai ruwa zai fito da ƙarfi. Mai om kaɗan faffaɗan bututu ne, ba ya neman tsawon tanki, yawan ruwa yake sha. A lissafi, bolt 1 idan ya shiga om 32 yana ba da miliwat 31, amma a om 300 miliwat 3 da ɗoriya kawai yake bayarwa. Galibin wayoyi kuwa ba sa wuce bolt ɗayan nan.

Lamba ta biyu ita ce yawan ƙarar da hedifon ke fitarwa da wuta kaɗan, da desibel ake rubuta ta. Duk ƙarin desibel 3 yana neman a ninka ƙarfin wuta sau biyu, ƙarin 10 kuma sau goma. Saboda haka hedifon mai om kaɗan ma yana iya zama mai cin wuta idan wannan lambar tasa ta yi ƙasa, kamar yadda ake gani a wasu ƙirar HiFiMan.

Mataki na biyu, a nemo masa abokin zama

Amfilifayar hedifon daban take da wadda ake ɗaura wa lasifikar masallaci ko ta gidan biki. 'Yar ƙaramar akwati ce, wata ko tafin hannu ba ta cika ba. Kamfanoni irin su FiiO da Topping na ƙasar Sin, da Schiit da JDS Labs na Amurka, suna yin masu sauƙin kuɗi da ke iya ɗaukar om 300 ba tare da nishi ba.

Ita ma amfilifaya tana da nata om ɗin a bakin fita, kuma ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na om ɗin hedifon. Mai om 32 yana son amfilifayar da ba ta wuce om 4 ba. Mai om 300 zai zauna lafiya da wadda ta kai 37. In an karya wannan ƙa'ida, amon ganga yakan kumbura ya yi laɓo-laɓo, mai haɗa kiɗa ya rage abin da bai kamata ya rage ba.

Wanda ya riga ya mallaki saunkad, irin Focusrite Scarlett da ake yawan gani a ƙananan situdiyoyi, ya fara gwada ramin hedifon da ke jikinsa. Idan murya ta ishe shi tun maɓallin bai wuce rabi ba, ya riƙe kuɗinsa. Wanda kuma wayarsa ba ta da ramin ma gaba ɗaya, salon da ya bazu tun da iPhone 7 ta fito a 2016, zai nemi amfilifayar da aka haɗa mata na'urar juya lambobin kwamfuta zuwa sauti, wadda ake rubuta wa DAC. A kuma duba bakin waya: akwai siriri mai milimita 3.5, akwai kakkaura mai 6.35.

Mataki na uku, a gwada da kunne

Ko a Sabon Gari, ko Beirut Road, ko Farm Centre, ko hannun wanda ya yi oda daga waje, mai saye ya tafi da nasa hedifon da sautin da ya haddace. Kalangun Mamman Shata yana tona asirin amfilifaya: a ji bugun, a kuma ji yadda amon ke lanƙwasa idan makaɗi ya matse tsirkiya. Kuntigin Ɗan Maraya Jos yana nuna ko sama-saman sautin na da tsabta ko yana soka kunne. Karatun Alƙur'ani na mutum ɗaya yana nuna ko numfashi da ƙarshen harafi suna fita.

Sai gwaji mafi muhimmanci: a tsayar da sautin, a bar komai a kunne, a saurari shirun. In ana jin shuuu ko wani gurnani, a ajiye ta. In an yi ƙasa da murya sosai aka ji kunne ɗaya ya riga ɗaya mutuwa, maɓallin ne mai matsala.

Mataki na huɗu, a gyara wuta

A Kano, wuta ta fi kashe amfilifaya fiye da tsufa. Ƙa'idar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, don haka duk kayan da ya zo hannu na biyu a juya shi a karanta abin da aka rubuta kusa da ramin wuta. Idan 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba ƙauri kawai za a ji.

A sa sitabilaiza tsakanin bango da kaya. Da an ɗauke wuta a zare filogi, domin dawowarta ce ke zuwa da duka. Kada a jona kai tsaye a ƙaramin janareta, kuma mai sola ya tabbatar inbatarsa mai ba da wuta sumul ce, domin mai araha tana shigar da ƙugi cikin sauti. Gurnanin da ba ya tafiya ko an rage murya wani lokaci daga soket ne da ba a haɗa wa wayar ƙasa ba, abin da ya yi yawa a tsofaffin gidajen da aka ja wa wuta daga baya. Wannan aikin mai gyaran wuta ne.

Kunnawa ma da tsarinta. A fara da kwamfuta, amfilifaya ta zo ƙarshe, murya tana ƙasa, sannan a soka hedifon. Wajen kashewa a juya tsarin.

Mataki na biyar, kulawa daga hunturu zuwa damina

Cikin kowane kunnen hedifon akwai maganaɗisu da wata 'yar fata da ta fi takarda siranta. Ƙurar hunturu tana shiga, musamman a hedifon mai buɗaɗɗen baya irin HD 600, kuma silin gashi ɗaya in ya kwanta a fatar nan sai a riƙa jin zizz duk lokacin da ganga ta buga. Kada a hura da baki, kada a kai wa mai buluwa. A cire soson kunnen a hankali, a ɗauke gashin da ɗan hantsaki, hannu bai taɓa fatar ba. In an gama aiki a mayar da shi akwatinsa, ko a rufe da tsumma mai tsabta. Kuma a fitar da shi daga ɗaki kafin a sa turaren wuta, domin hayaƙin yana barin maiƙon da ƙura ke mannewa.

A bazara, lokacin da zafin Afrilu ke kaiwa digiri 40, zufa da man gashi ne ke cinye soson kunne. A goge shi da busasshen ƙyalle bayan kowane zama. Fetur, kananzir da turare duk suna fasa fatar roba. Kada a bar shi a mota ko bakin taga. Amfilifaya kuma kada a ɗora mata littafi ko darduma, tana buƙatar shan iska.

A damina, a jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi a akwatin hedifon.

Akwai kuma ƙananan halaye da ke rage wa hedifon kwana. Ɗora shi a kan hula yana buɗa bakan har ya daina kama kai. Naɗe waya a jikinsa tam yana tsinka ta daga ciki. A naɗe ta sako-sako, a kama kan filogi wajen zarewa, a rataye nesa da ɓera. Soson da ya lotse yana canza sautin kansa, amma a manyan hedifon ana cire shi a sa sabo, kamar yadda ake canza wayar HD 600 in ta lalace.

Mataki na ƙarshe, kunnen kansa

Amfilifaya mai kyau ba ta kwarmato ko an ƙure ta, don haka mutum kan wuce gona da iri bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako, amma a desibel 90 awa 4 kacal ne. A unguwa mai hayaniyar babura da injinan wuta, hedifon mai rufaffen baya ya fi dacewa, domin ba sai an ƙara murya don a danne ƙarar titi ba. A riƙa cire shi ana hutawa duk bayan awa guda. Wanda kuma ya tashi daga aiki yana jin kunnensa na kuka, kukan ya kwana ya wuni bai tafi ba, ya ajiye hedifon ya je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a auna masa ji.