Kafin Ku Bar Yaro Ya Sa Gilashin VR

Iyaye a Hashimi da sauran unguwannin Suleja sun saba da gidajen gem inda yara ke buga ƙwallo a PlayStation. Yanzu kuma ga gilashin VR, irin Meta Quest, wanda yaranmu ke cin karo da shi a wuraren shaƙatawa na Abuja. Ana ɗaura shi a fuska ya rufe ido ruf, yaro ya tsinci kansa a tsakiyar wasan.

Abin da ya fi saurin bayyana shi ne jiri da tashin zuciya. Ido yana shaida wa ƙwaƙwalwa cewa ana gudu ko ana faɗowa, shi kuwa sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki yana cewa ana tsaye. Wannan saɓanin ne ke kawo zufa, ciwon kai, har da amai. Da ya fara, a cire gilashin, a zaunar da yaro. Kada ya tuƙa babur ko ya tsallaka titi sai ya dawo daidai. Ko lafiya lau yake, ya riƙa hutawa duk bayan rabin awa.

Mai farfaɗiya kada ya sa sai da izinin likita, domin walƙiyar haske kan tayar wa wasu da ciwon. Gilashin da ke yawo daga fuska zuwa fuska kuma yana iya yaɗa ciwon ido irin Apolo, don haka a goge shi kafin a sa.

Amma abin da ya fi damuna shi ne tunanin yaro. Ƙaramin yaro bai gama rarrabe wasa da gaske ba; dodon da ya bi shi cikin gilashi zai iya hana shi barci. Kamfanin Sony da kansa ya ce ɗan ƙasa da shekara 12 kada ya sa gilashin kamfanin. Kamfanin Meta kuwa ya sauko daga shekara 13 zuwa 10 a 2023, bisa kulawar iyaye. Ni dai shawarata a tsaya kan 13.

Wata damuwar kuma ita ce yawan wasan kansa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kamuwa da wasan gem a matsayin larura. Alamarta ita ce wasa ya danne boko, Islamiyya, salla da barci, yaro kuma ya kasa bari duk da yana ganin illa. Duka ba ya maganin wannan. Ku zauna da shi, ku ga abin da yake bugawa, ku yanke masa lokaci. Idan aka yi watanni abin bai sauya ba, ku kai shi asibiti a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa.