Darasin Wata: Hasken da Ido Ba Ya Gani, da Amfaninsa a Gona da Asibiti

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa kai shanshera kasuwar Kura ya san gardamar nan. Mai saye zai ɗebi ƙwaya ya ciza, ya ce da sauran laima, ya rage kuɗi. Manomi kuwa ya rantse kwana uku ya yi yana shanya. Haƙori ne alƙali, kuma haƙorin mai kuɗi ne yakan ci nasara. Darasinmu na wannan wata a kan wata hanya ce ta auna abin da ke cikin hatsi, da ƙasa, har da jinin mutum, ba tare da an fasa ko an huda ba.

A shekarar 1800, wani masani a Ingila mai suna William Herschel ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, launuka suka fito kamar bakan gizo. Ya riƙa ajiye ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya matsa da shi gaba da ja, inda ido ba ya ganin kome, sai zafin ya ƙaru. Ashe akwai haske a wurin. Sashen da ke maƙwabtaka da ja shi ne muke kira makusancin jan haske. Kuna iya ganin alamarsa da kanku: ku danna rimot na talabijin a gaban kyamarar waya, a wayoyi da yawa za ku ga ɗan haske yana ƙiftawa.

Ga yadda ake aiki da shi. Ruwa, da mai, da sitaci, da sinadarin gina jiki, kowannensu yana shanye wani kaso na wannan haske ya mayar da saura. Na'ura takan haska ƙwayar hatsi, ta auna abin da ya dawo, ta lissafa yawan kowane abu cikin ƙasa da minti ɗaya. Karl Norris na ma'aikatar gona ta Amurka ne ya fara auna laimar hatsi ta haka wajen shekarun 1960, daga baya Kanada ta shiga auna ingancin alkamarta da ita.

Me ya sa laima ta dame mu? Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 ruwa ya shigo gonakin Kura, Bunkure da Kadawa, muna girbi rani da damina, wani lokaci ana yankan shinkafa hadari yana haɗuwa. Shanshera ba ta ajiyuwa sai laimarta ta sauka zuwa kashi 14 cikin 100, masara kuwa wajen 13. In ta wuce haka, funfuna ya shiga. A masara da gyaɗa akwai funfunan da ke haifar da dafin afalatoksin, wanda dahuwa ba ta kashe shi. Yana lalata hanta, yana tsumburar da yara. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu saboda cin irin wannan masara. Saboda haka maganar laima ta wuce ciniki.

Masu bincike suna amfani da hasken wajen gwada ƙasa ma. Cibiyar ICRAF a Nairobi ta auna dubban samfurin ƙasa daga ƙasashen Afirka ta wannan hanya, cikin sauri da arha fiye da gwajin sinadarai. Haka nan cibiyar ILRI tana auna harawa da kara domin a san wane iri ne ya fi ƙosar da dabba. Amma kada a ruɗe mu. Na'urar ba ta da sanin gaibu: sai an fara koya mata da samfura masu yawa da aka gwada a ɗakin bincike. Wadda aka koya wa ƙasar Turai tana iya yin kuskure a fadamar Bunkure. Kuma ta fi iya faɗin takin gargajiya da yumɓun da ke cikin ƙasa, ba ta da ƙarfi sosai wajen faɗin sinadarin fosfaros da shuka za ta iya sha. In wani ya zo da na'ura yana sayar da taki kuma, ku tambaye shi da ƙasar ina aka daidaita ta, ku kuma nemi shawarar malamin gona.

A asibiti kuwa yawancinmu mun riga mun gamu da shi ba mu sani ba. Ɗan maƙalen nan da nas take sa wa a yatsa yana aika jan haske da makusancinsa su ratsa yatsan, gama jinin da ya ƙoshi da iskar oksijin da wanda bai ƙoshi ba ba su shan haske iri ɗaya. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabarar a farkon shekarun 1970. Idan yaro mai ciwon huhu ya nuna ƙasa da 90, yana bukatar oksijin nan da nan. Sai dai wani bincike a Amurka a 2020 ya nuna maƙalen yakan ba da lamba sama da gaskiya ga masu baƙar fata. Hannu mai sanyi da jan farce ma suna rikita shi. To, iyaye mata, in yaro yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya kasa shan nono, ku nace a duba shi ko da lambar ta yi kyau.

Masana'antun magani suna gwada ƙwaya da foda da wannan haske tun suna cikin leda. Hukumar NAFDAC ma ta yi amfani da na'urar hannu ta TruScan wajen kama jabun magunguna, ko da yake dabararta 'yar'uwar wannan ce, ba ita ba ce sak.

Na'urar makusancin jan haske ta fi ƙarfin aljihun manomi ɗaya. Amma ƙaramin ma'aunin laima mai batir ƙungiyar masu shan ruwa ko zumuntar mata masu turara shinkafa suna iya haɗa kuɗi su saya, a ajiye a hannun ma'aji. Kafin nan ga gwajin masara da za mu yi tare a taro mai zuwa: a zuba hatsi cikin busasshiyar kwalba, a sa cokali biyu na busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar da hatsin shanya. Kowane gida ya zo da kwalba da ɗan hatsin rumbunsa.