Kafaɗa Ce Ta Goce, Ba Kai Ba

 

Ɗana, tun ranar da aka ɗauko ka daga filin kokawa da kafaɗa a goce nake son mu zauna. Ina ganinka a zaure, hannu a rataye, in ka jiyo ganga daga nesa sai ka sunkuyar da kai. Na san wannan zama, don ni ma na yi shi. Wata kaka ina saurayi aka ɗaga ni aka maka da ƙasa a kan kafaɗar dama. Bayan kwana 12 zafi ya lafa, makaɗa suka yi mini kirari, na koma fili. Kamun farko ta sake fita. Daga nan ko guga na jawo a rijiya sai ta goce. Haka na bar kokawa da sauran ƙarfina.

Saboda haka ka riƙe wannan: lafawar zafi ba warkewa ba ce. Jijiyoyin da ke ɗaure gaɓa sun fi fata jinkirin haɗewa, sau da yawa sai an yi wata 3 ko fiye kafin su iya ɗaukar kamun ƙato. Kuma kafaɗar saurayi in ta goce sau ɗaya, ta fi saurin maimaitawa. Maɗori yana da nasa sani, amma hannu ba ya ganin abin da ya yage a ciki. Ka je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a ɗauki hoto, masu gashin ƙashi su nuna maka motsin da ya dace da kowane mako. Su za su ce ka koma, ba makaɗi ba.

Amma kada jinya ta zama kwanciya. Naman da ba ya aiki, cikin mako 2 yake fara zubewa. Kokawa kuwa daga ƙafa da ƙugu take tashi, su kuma lafiyarsu ƙalau. Bayan sallar asuba ka taka har Wunti, ka zagaya filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauri-sauri, har gumi ya tsattsafo. In ka dawo, ka tsugunna ka miƙe sau 20, ka huta, ka maimaita. Ka ci gaba da horar da ɗaya hannun, don masana sun gano cewa aikin lafiyayyen hannu yana rage raunin da mai ciwon zai yi. Duk motsin da ya sa ka ji suka a kafaɗa, ka bar shi nan take.

Cikinka ma ka lura da shi. Malmalar tuwon da kake ci lokacin atisaye ta yi maka yawa yanzu. Ka rage ta, ka ƙara wake, ƙwai, kifi, nono da zogale, su ne ke gina nama da ƙashi. Ka yi barci isasshe. In wani aboki ya miƙo maka tiramol, ka ce masa ka gode. Ba ya warkar da komai, rufe bakin ciwo kawai yake yi har ka ƙarasa ɓarnar ba ka sani ba.

Kada kuma ka ƙaurace wa fili. Ka je ka zauna a gefe, wanda ke kallo yana ganin abin da mai kamu ba ya gani. Ka nemi hotunan gasar Takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, ka lura da yadda Issaka Issaka na Dosso ke dasa ƙafa kafin ya miƙa hannu.

Sannu ba ta hana zuwa, ɗana. Kaka ɗaya za ka rasa, ni kuwa gaggawar kwana 12 ta cinye mini dukan sauran. Tashi ka sa takalmi, in raka ka zuwa Ƙofar Ran kafin rana ta yi zafi. Allah ya yi maka albarka.