Makon Farko a Hostel: Abin Ɗauka da Abin Faɗa

Ƙanena, samun gurbin karatu daban, samun gado daban. A manyan jami'o'inmu irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, ɗalibai sun fi gadaje yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka da ka kammala rajista, ka nemi gado ta shafin makarantar tun ranar da aka buɗe. Kada ka saya a hannun wani ɗalibi ko wanda ya ce yana da hanya, domin ranar da aka zo bincike sunan wani ne a takarda, kayanka za a fitar waje. Rasit da takardar JAMB kuwa, ka yi musu kwafi, ka kuma ɗauki hotonsu a waya.

Kada ka kwaso gida gaba ɗaya, ɗakin ba naka kaɗai ba ne. Bokiti biyu, jarka, buta, tocila, gidan sauro, silifas na shiga banɗaki da kwaɗo mai ƙarfi sun fi akwati uku na sutura amfani. Ka rubuta sunanka a jikin bokitin da fenti. In Samaru ta Zariya za ka, kada ka manta bargo, sanyin Disamba da Janairu a can ba wasa ba ne. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli da yajin da Umma ta ɗaure maka, ka adana su don ƙarshen wata.

Kafin ka shimfiɗa zanin gado, ɗaga katifar ka haska tocila a ɗinkin gefenta da kusurwoyin ƙarfen gadon. Ɗige-ɗige baƙaƙe alamar kuɗin cizo ce. Ka shanya ta a rana, ka kuma sanar da mai kula da hostel a yi wa ɗakin feshi baki ɗaya, don in gado ɗaya aka fesa, gadon maƙwabci suke komawa.

Amma abin da ya fi damuna ba kaya ba ne, kara ce. An tashe mu da kawaici, a yi maka abu ka haɗiye. A ɗaki ɗaya da mutum shida, haɗiyar nan taruwa take yi har ta fashe ana tsakiyar jarrabawa, a kan cajar waya ko cokalin manja. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. To, tun a makon farko, fuskoki na sake, ku zauna ku yanke: wa zai yi shara ranar wace, ƙarfe nawa ake kashe fitila, baƙo zai kwana ko ba zai kwana ba, tukunya ɗaya za a yi ko kowa tasa. In haɗa girki za ku yi, a tara kuɗin a farkon wata, a rubuta abin da kowa ya bayar. Ba rowa ba ce, kare zumunci ne.

Wataƙila abokin ɗakinka ba yarenku ɗaya ba, ba addininku ɗaya ba. Ka faɗa masa lokacin da kake tashi sallar asuba, ka tambaye shi lokacin tasa addu'ar, sannan ka sa ƙararrawar wayarka kusa da kunnenka don kada ka tashi ɗaki duka. Ƙanwata, duk wannan har da ke, ki kuma tambayi lokacin rufe ƙofar hostel tun ranar da kika sauka.

Hita da risho kan haddasa gobara, shi ya sa makarantu da dama suka hana su a ɗaki. Da an ɗauke wuta, ka zare komai daga soket kafin ka fita.

Ka yi rajista da asibitin makaranta tun kana lafiya. A watannin zafi, Maris da Afrilu, sanƙarau kan yaɗu a ɗaki mai cunkoso, don haka a bar taga a buɗe. In ɗayanku ya kamu da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, kada a tsaya ba shi fanadol ana jiran gari ya waye. A kai shi asibiti a daren, a kira gidansu. Shi ya sa tun yau ya kamata kowannenku ya riƙe lambar iyayen ɗan'uwansa.